Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tayil Ɗin Hannu Da Gyaran Tsofaffin Gidajen Birnin Fas

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana kan faɗo mini a rai duk sa'ad da aka ta da zancen gyaran tsofaffin gidaje, domin gidan da aka ƙawata da hannu ba ya karɓar magani sai daga irin hannun da ya ƙawata shi. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin mai karatu zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, inda ake yi wa daɓe da bango ado da wani irin tayil na hannu da suke kira zallij. Zan kawo tarihinsa a taƙaice, da yadda ake yin sa, da abin da na gani da idona game da yadda ake mai da shi gurbinsa idan ya zube. Daga nan sai mu waiwayo gida. Abin da nake so in tabbatar shi ne, tsohon gida yana nan da ransa muddin masu sana'ar da suka ƙawata shi suna da magada. Ran da suka ƙare kuwa, gidan ya kama hanyar zama kango, kome yawan dukiyar da za a zuba masa.

Mene Ne Zallij?

Wanda bai taɓa ganin zallij ba yana iya zaton irin tayil ɗin nan ne da muke saye cikin kwali a kasuwar kayan gini, wanda aka buga wa zane a fuska. Bambancinsu babba ne. Kowane launi da ido ya gani a bangon zallij gutsure ne mai zaman kansa, wanda aka sare da hannu daga fallen gasasshen yumɓu, sa'an nan aka haɗa shi da 'yan'uwansa kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙyallaye. Sau da yawa akan sa tauraro mai tsini takwas a tsakiya, wanda suke kira hatim, watau kalmar nan da muka ara muke cewa hatimi. Sai gutsattsari farare da baƙaƙe da koraye da shuɗɗa da masu ruwan zuma su kewaye shi, suna saƙa da juna har ido ya kasa gane inda layi ya faro balle inda ya ƙare.

Gidan Fas na gargajiya fuskarsa tana ciki. Daga lungu ba a ganin kome sai dogon bango da ƙofa. In an shiga sai a tarar da tsakar gida a buɗe, ɗakuna sun kewaye ta, galibi da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya ko a jikin bango. Zallij ne ke rufe daɓen, ya kuma hau bango zuwa kamar kafaɗar mutum. Daga nan sai farin shafe mai sassaƙa ya karɓa, can sama kuma katako. Wannan tsari yana da dalili. Gindin bango shi ne inda ruwa ke fantsama, inda jikin mutane ke guga, don haka aka sa masa abin da ake iya wankewa, wanda kuma ke riƙe sanyi lokacin zafi.

Taƙaitaccen Tarihi

Idirisu na ɗaya ne ya kafa Fas a shekarar 789, ɗansa Idirisu na biyu ya faɗaɗa ta a farkon ƙarni na 9. Amma zallij bai bayyana sosai a Maroko ba sai a ƙarni na 12, inda aka sa manyan gutsattsari farare da koraye a saman hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marrakish. Zamanin sarakunan Banu Marin ne, a ƙarni na 14, sana'ar ta kai ƙarshen ƙwarewa. Sarki Abu Sa'id Usman na biyu ya gina makarantar Attarin tsakanin 1323 da 1325, Sarki Abu Inan kuma ya gina makarantar Bu Inaniyya tsakanin 1350 da 1355. Wannan Abu Inan shi ne ya sa aka rubuta labarin tafiye-tafiyen Ibn Battuta bayan ya dawo daga Mali ta hanyar Takedda. A waɗannan makarantu har rubutun Larabci aka yi da tayil: akan ɗauki baƙin falle a kankare fuskarsa, a bar haruffan kaɗai suna ƙyalli.

A daidai wannan zamani ne ake irin wannan aiki a fadar Alhamra ta birnin Garnaɗa a Andalus. Daga kalmar Larabci ta zallij ne mutanen Sifen da Fotugal suka samo sunan da suke kiran nasu tayil ɗin, watau azulejo. A ƙarni na 16 Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta ci daular Songhai a 1591, ya gina fadar Badi'i a Marrakish, ya lulluɓe ta da marmara da zallij. Bayan kamar shekara ɗari wani sarki, Maulayi Isma'ila, ya sa aka kwashe kayan adonta zuwa sabon birninsa na Miknas. Yau sai kangon fadar da 'yan guntayen zallij a daɓe. Ashe tun da can, hannun mutum ya fi ruwan sama saurin cin bango.

Yadda Ake Yin Sa

Akan haƙo yumɓu daga kewayen Fas, a jiƙa shi a rami, a cuɗa shi har ya yi laushi, a tsince tsakuwa. Sai a zuba shi a ma'auni a fitar da fallaye masu kusurwa huɗu, kowanne kamar santimita 10 tsawo da faɗi, a shanya a rana. In sun bushe a gasa su a tanderu. Bayan haka a tsoma fuskar kowane falle cikin ruwan launi wanda in ya sha wuta yakan narke ya zama kamar gilashi. Daga jan ƙarfe ake samun kore, daga kuza ake samun fari, shuɗi kuma daga wani ma'adini da ake kira kobalt. Sa'an nan a sake gasawa. A tanderun gargajiya da tunkuzar zaitun ake hura wuta, watau abin da ya rage bayan an matse mai. Da yake zafin wutar ba ɗaya yake ba a ko'ina cikin tanderun, fallayen da aka tsoma cikin ruwan kore guda sukan fito da kore iri-iri, wani ya yi duhu, wani ya yi haske.

Daga nan aiki ya koma hannun masu sara. Wani ya zana siffar da ake so a fuskar falle, wani ya sare ta da wata guduma mai kaifi da suke kira minƙash, mai kama da ƙaramin gizago mai baki biyu. Wani kuma ya fiƙe gefen ta baya, domin in an jera gutsattsarin fuskokinsu su haɗu ba rata, bayansu kuwa ya bar wa kwaɓi gurbin kamawa. Siffofin nan ɗaruruwa ne, kowace da sunanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jeri. A kife ake jera su a ƙasa, fuska tana kallon daɓe. Mai jerin ba ya ganin launi ko ɗaya, da ka yake riƙe da zanen duka. Sai an zuba kwaɓi a baya ya bushe, an ɗaga allon, sa'an nan kowa ya ga abin da aka yi. Shugaban aikin suna ce masa ma'allam, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da tamu ta malam. Wanda ya ga wannan jeri ba zai yi musu ba cewa sunan ya dace.

Yadda Gidajen Suka Shiga Wani Hali

Abubuwa biyu suka taru suka yi wa wannan sana'a barazana. Na farko shi ne inji. A shekarar 1840 wani Bature a Ingila mai suna Richard Prosser ya fito da dabarar matse busasshen garin yumɓu tsakanin ƙarafa biyu, kamfanin Minton kuma ya ɗauki dabarar ya shiga buga tayil da ita. Tun daga nan tayil ya zama abu mai araha, kowane falle daidai da ɗan'uwansa, har ya game duniya.

Na biyu shi ne ƙaura. A shekarar 1912 Faransa ta kafa mulkinta a Maroko, ta mai da hedikwata daga Fas zuwa Rabat, ta kuma gina sabon gari a wajen tsohon birnin. Sannu a hankali manyan attajirai da malaman Fas suka koma sabon gari ko Rabat ko Kasablanka. Mutanen karkara masu neman abinci suka cike gidajen, gidan da aka gina wa iyali guda ya zama na iyalai da dama, kowa da ɗakinsa, ba wanda rufin ya zama nasa. In magada sun yi yawa, mai gyara kan yi wuya. Rufi ya fara yoyo, magudanar ruwa ta toshe, danshi ya bi bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zallij ya kumbura ya zube, mai haya kuma ya toshe gurbin da siminti ko tayil ɗin kwali.

A shekarar 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin wuraren tarihi na duniya, a 1989 kuma gwamnatin Maroko ta kafa wata hukuma ta musamman don rage cunkoso da gyaran birnin. Manyan gine-ginen sarauta, kamar masallacin Hasan na biyu da aka gama a Kasablanka a 1993, sun ba dubban masu sana'a aiki, suka kuma sa aka horar da sababbi. Daga shekarun 1990 zuwa gaba mutane, 'yan ƙasa da baƙi, suka shiga sayen tsofaffin gidaje suna gyarawa suna mai da su masaukin baƙi. Da haka guduma ta sake yin ƙara a lungunan Fas.

Abin Da Na Gani

Gani ya kori ji. Wata shekara na raka kawuna ziyara zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, muka sauka a wani tsohon gida da ake cikin gyaran wani sashensa. A tsakar gidan akwai wurin da bango ya kumbura, faɗinsa bai wuce gaba ɗaya ba, saboda wani bututun ruwa da ya daɗe yana tsiyaya a baya. Wani dattijo ne da yaransa biyu ke aikin. Kwanakin farko ban ga sun liƙa kome ba. An toshe yoyon, suna jira bango ya bushe. Abin da suke yi kawai shi ne tsince gutsattsarin da suka zube, su wanke su cikin daro, su kankare tsohon kwaɓin da ke bayansu, su ware su tuli-tuli bisa siffa da launi.

Sai da suka gama ƙirga abin da ya ɓace dattijon ya ɗauki tsohon gutsure kore ya tafi unguwar masu tanderu, can wajen ganuwa. Ya dawo da fallaye kamar goma, duka koraye, amma ba biyu da suka zo ɗaya. Ya jingina su a bango ya duba da hantsi, ya sake dubawa da la'asar, ya zaɓi uku ya ajiye sauran. Ya zauna a ƙasa yana sara, yana gwada kowane gutsure a gurbinsa, in bai zauna ba ya sake fiƙewa. Ba a jera wannan a kife ba, ɗai-ɗai ya dasa su cikin kwaɓin farar ƙasa da yashi.

Na ji mai gidan ya so a sauke bangon duka a yi sabo, don zai fi sauri, ya kuma fi ƙyalli a idon baƙi. Dattijon ya ƙi. Kawuna, da yake ɗan kasuwa ne, ya tambaye shi dalilin da zai riƙa mai da gutsattsarin da bakinsu ya ɓantare alhali ga sababbi. Ya juya ɗaya ya nuna mana bayansa. Da ɗan Larabcin da nake ji na fahimci yana cewa, wanda ya sare wannan malaminsa ne ko da yake bai taɓa ganinsa ba, domin daga sawun guduma yana gane yadda ya riƙe ta, da inda ya fara sara. Ya ce in ya zubar da wannan, me zai nuna wa yaran nan biyu? Ran nan na gane cewa tsohon bango shi ne allon karatun masu wannan sana'a. Masu sana'a suna raya bango, bango kuma yana koyar da magadansu.

Da aka gama, in mutum ya tsaya a bakin ƙofa ba ya ganin faci. In ya matso kusa kuwa sai ya ga sababbin sun fi ƙyalli, gefensu ya fi kaifi. Masana gyaran gine-ginen tarihi da suka taru a birnin Benis na Italiya a 1964 sun amince da ƙa'ida mai kama da wannan: abin da aka cike gurbi da shi ya dace da sauran, amma a iya bambance shi da na asali, don kada gyara ya zama ƙarya. Hannun dattijon ya kai ga wannan ƙa'ida ta hanyar gado.

Sauran Rina A Kaba

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Har yanzu siminti na yin ɓarna. Ya fi zallij tauri, yana tsare danshi cikin bango, kuma abin da aka liƙa da shi ba ya ciruwa sai a farfashe. Kwaɓin farar ƙasa kuwa yana barin bango ya sha iska, yana kuma barin mai gyara na gaba ya cire gutsure lafiya lau.

Akwai kuma kwaɗayin masu sayen kayan da. Inda duk tsohon tayil ya yi daraja, ɓarayi kan bi shi. A Fotugal abin ya yi ƙamari har aka kafa wani shiri na kare azulejo a 2007, birnin Lizbon ya hana rushe fuskokin gidaje masu tayil a 2013, sa'an nan aka mai da hanin dokar ƙasa a 2017.

Daɗin daɗawa, kasuwar da ta raya sana'ar tana iya karkatar da ita. Zallij ya shiga yayi a Turai da Amurka, amma abin da aka fi saye shi ne fallaye masu launi ɗaya don ɗakin girki da na wanka. Wannan yana ciyar da mai tanderu, ba ya bukatar mai sara ko mai jeri a kife, waɗanda su ne koyonsu ke cin shekaru. Har ma akwai masana'antu da ke buga tayil da inji, su yi masa ɗan karkace da bambancin launi da gangan don ya yi kama da na hannu. Irin wannan ba ya cike gurbin tauraro guda a bangon da ya shekara ɗari uku. Haka nan gidan da aka mai da masaukin baƙi ya tsira, amma iyalin da ke ciki sun tashi. Birnin da aka gyara wa bango aka kwashe masa mutane, gyaransa bai cika ba.

Mu Waiwayo Gida

Mu Hausawa ba mu gaji zallij ba. Adonmu na bango da ƙasa ake yin sa: dagi da sauran zane-zanen da magini ke fitarwa da yatsa a ɗanyen yaɓe, da zankwaye a saman soro, da bakan gizo, da tasa ko kwanon da akan dasa a tsakiyar rufi. Amma ciwon iri ɗaya ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, a shekarun 1970 aka rushe wani sashensa, aka kewaye sauran da ginin zamani. A Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, kowace damina tana kwantar da wani tsohon soro, wanda ya tsira kuma a yaɓe shi da siminti, a liƙa masa tayil ɗin kwali a fuska. Simintin nan yana yi wa ginin ƙasa abin da yake yi wa zallij, watau ya tsare ruwa a ciki har bango ya ruɓe.

Iyayenmu suna da nasu magani. Akwai makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, akwai katsi daga karofi, akwai laso da ake haɗawa don rufi ya ƙi ruwa. Tambayar ita ce, samari nawa ne yau suka iya haɗa laso, ko ɗaura azara ta ba da bakan gizo? Mutanen Fas sun yi sa'a, lokacin da aka farga aka zo gyara an tarar da dattawa da guduma a hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

Mun ga yadda zallij ya bunƙasa a ƙarni na 14, da yadda inji da ƙaura suka kusa kashe shi, da yadda gyaran tsofaffin gidaje ya farfaɗo da shi. Mun kuma ga cewa kuɗi da doka suna taimako, amma ba su ne ke sare gutsure su zaunar da shi a gurbinsa ba. Mu ɗaliban harshe muna da namu rabon a wannan aiki. Kowace siffa ta zallij tana da suna, haka kowane zane da kowane haɗi na maginanmu yana da suna, kuma in suna ya ɓace ilimin da ke ƙunshe cikinsa ya bi shi. Ina kira ga 'yan'uwana masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su je wurin Sarkin Magina na garinsu, su durƙusa su gai da shi, su zauna su rubuta kalmomin sana'ar da yadda ake aikata kowace, tun dattawan suna da ƙarfin nunawa da hannu. Masu hali kuma da suka gaji tsofaffin gidaje, in za su yi gyara su nemi magini na gargajiya, su biya shi abin da zai sa ɗansa ya ga sana'ar ta isa a gada. Allah ya sa mu dace.